Yadda nake koya wa ƴan mata kallon sama da zane a kan soro

Karon farko da na gwada abin nan, ƙasa na sha. Na tara ƴan mata 11 a kan soron gidanmu a Zango, na riƙo takardu huɗu da na rubuta tarihin wasu mata masana taurari da masu zane, na yi ta karanta musu kamar mai sanarwa a rediyo. Daren 14 ga wata ne, farin wata ya kori taurari, ga hazon Janairu ya rufe ɗan abin da ya saura. Kafin in kai tsakiyar takarda ta biyu, mutum biyu sun yi barci, sauran suna ɓarar gyaɗa suna hira ƙasa-ƙasa. Da za su sauka, wata ta ce mini, "Malama, su waɗannan ai Turawa ne, kuma sun mutu." Ban sami abin ce mata ba.

Shekara 19 ke nan ina koyar da kimiyya a wata kolej a nan Damagaram, amma a bakin yarinyar nan na gane kuskurena. Labarin mace mai himma ba ya shiga yarinya in hannunta bai taɓa irin aikin da matar ta yi ba. Gani ya kori ji. Sai na juya tsarin, aiki tukuna, labari daga baya. Yarinya ta zana wata dare bakwai a jere, sauro ya cije ta, wuyanta ya ƙage, sannan in gaya mata akwai wata a Jamus da ta yi haka sau wajen 350. A nan ne take sakin baki. Ga yadda nake yi yanzu, wata guda daga jinjiri zuwa jinjiri, ko wata malama ko wata uwa za ta so ta gwada a unguwarsu.

Iyaye da maƙwabta tukuna

Kada ki aika takarda, ki taka da ƙafarki. Ki fara da uwar yarinya a cikin gida, sannan ki nemi ganin maigida a zaure bayan la'asar. Tambaya biyu ke jiran ki, kuma ban taɓa shiga gidan da ba a yi mini ɗaya daga ciki ba.

Ta farko ita ce, "Malama, wannan ba duba ba ne?" Mutum in ya ji an ce taurari, hankalinsa kan tafi wajen masu bugun ƙasa da masu tsayar da sa'ar aure. Nakan ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, ba za mu tambayi tauraro komai ba. Ƙirga shi za mu yi, mu rubuta inda yake." Sai in tuna masa aya ta 5 a Suratu Yunus, inda aka ce an sanya wa wata masaukai don mu san adadin shekaru da lissafi. In tuna masa kuma tsofaffin manomanmu da ke bin taurarin damina, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowanne da kwanansa 13. In ya fara gyaɗa kai, sai in kawo masa Al-Ijliyya, matar da ta rayu a Halab ta ƙasar Sham a ƙarni na 10. Sana'arta ƙera usturlabi, faifan tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da shi don sanin lokacin salla da alƙibla. Ita da mahaifinta wurin gwani ɗaya suka koya, ta kuma yi aiki a fadar Saifud Daula. Ibn Nadim na Bagadaza ne ya ajiye mana sunanta.

Ta biyu ita ce zanen abu mai rai. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, ba na jayayya a kai. Nakan ce abin da za mu zana a watan nan wata ne da taurari da itatuwa da bangon gidaje, kuma ina cika alkawarin.

Akwai wata magana da na lura tana sauko da iyaye maza. Da yawa daga cikin matan nan, uba ko wa ne ya fara buɗe musu ƙofa. Maria Mitchell ta Amurka tare da mahaifinta take hawa rufin bankin da yake aiki, kuma daga kan rufin nan ta gano tauraruwa mai wutsiya ranar 1 ga Oktoba 1847, har Sarkin Denmark ya ba ta lambar zinariya. Nakan ce wa uba, "Baba, soron ne kawai muke roƙo." Ba kullum ake dacewa ba. Wani ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka damo mini fura, ya ce fitar dare ce bai yarda da ita ba. Na sha furar na yi godiya. Ƴarsa ta yi nata zanen daga tsakar gidansu da saninsa, tana kawo mini makaranta.

Kada ki manta da maƙwabta, domin wanda ke kan soro yana hango tsakar gidan mutane. Ki gaya musu ranaku da lokaci. In soron na ƙasa ne, ki sa magini ya duba azara bayan damina, kuma ya kasance yana da rawani mai tsayi. Kada ki wuce yara takwas. Muna hawa bayan sallar magariba, mu yi isha'i tare a sama, ƙarfe takwas da rabi kowace ta kama hanya da ɗan rakiyarta. Maigidana kuwa fadarsu yake tafiya shan shayi har sai mun watse.

Lokaci da kaya

Mafi kyawun lokaci a nan shi ne Oktoba da Nuwamba. Ruwa ya wanke sama ya ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna. Ki fara ranar 2 ko 3 ga watan Musulunci. Ba sai an haɗu kullum ba, mu sau biyu muke haɗuwa da dare a mako, da Lahadi da hantsi don aikin fenti. Sauran darare kowace ta yi a gidansu. In an ɗauke wuta a unguwa, ranar kowa na tsaki mu muna murna.

Kowace yarinya na bukatar kaye ɗaya, wato littafin rubutu, da fensir. Ke kuma ki tanadi tabarmi, da tocila da aka ɗaure wa jar leda a baki. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin hasken salula na rushe wannan cikin ƙiftawa ɗaya, jan haske kuwa bai cika ɓata shi ba. Ni a cikin kwando nake tara salula a ƙasan matakala. In kin sami madubin hangen nesa mai ido biyu, jumel ɗin nan, wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50, ya isa. Lambar farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin a milimita. Hannu na rawa, don haka a kifa turmi a dafa gwiwar hannu a kai. Sannan ki faɗa da babbar murya tun ranar farko, ki kuma maimaita: ba a duban rana da shi ko sau ɗaya, makanta ce nan take.

Fenti kuwa ba na saye. Ki jiƙa ƙaro ya kwana, awo ɗaya na ƙaro, biyu na ruwa, ki tace da ƙyalle. Ki daka gawayi da farar ƙasa da jar ƙasa, kowanne daban, ki tankaɗe da rariya mai laushi, sannan ki kwaɓa da ruwan ƙaron a murfin kwalba. In ya bushe kin shafa ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa. Shuɗi daga shuni ko bular wanki, rawaya daga gangamau. Zoɓo na ruɗin yara saboda jansa, amma a kan takarda yakan koma toka-toka, ki bar su su gwada su gani da idonsu. Abin zanawa a kai kwali ne da takardar buhun siminti, ta cikin mai tsabta. Gashin kaza da tsinke da aka tauna bakinsa su ne buroshi.

Doka ɗaya

Kowane shafi sai an rubuta abu huɗu a samansa kafin a zana komai: sunan mai shi, kwanan wata, ƙarfe nawa, da wajen da ta fuskanta. Shafin da ba shi da su ba na dubawa. Yara kan ga kamar tsanani ne, sai bayan mako guda nake gaya musu dalili.

Williamina Fleming ƴar Sikotilan ce da ta bi mijinta Amurka, ya tafi ya bar ta da ciki. Ta shiga aikatau a gidan Edward Pickering, shugaban ɗakin nazarin taurari na Harvard. Ya ga kaifin kanta, a 1881 ya ɗauke ta aikin duba hotunan sama da aka ɗauka a kan faranti na gilashi. Ta rarraba taurari fiye da 10,000, a 1888 kuma ta gano wani baƙin gajimare a sararin samaniya mai siffar kan doki. Da aka buga babban kundin irin waɗannan abubuwa, sunan Pickering aka sa. Abin da ya tsaya mata daga baya shi ne bayanin da ta rubuta a lokacin da ta gani. Ranar da na ba da labarin nan, wata yarinya da ke aikatau kafin ta zo makaranta ta koma ta bi shafukanta ɗaya bayan ɗaya tana ƙara wa sunanta kauri da fensir.

Makon farko: wata

Kowace ta zaɓi wuri ɗaya da za ta riƙa tsayawa, da alama ɗaya a ƙasa, ko hasumiyar masallaci ko dogon yaron maƙwabta. Ta kifa ƙaramin kofin shayi a shafi ta zagaye shi, sannan ta cike iya inda haske ya kama. A ƙasan shafin ta zana alamar, ta sa ɗigo inda watan yake. Lokaci ɗaya kowane dare.

Kada ki gaya musu abin da za su gani. Zuwa dare na huɗu wata za ta zo da ƙara cewa watan ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana matsawa gabas. Sai ki nuna musu awo: a miƙe hannu a dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10 a sama. Wata na matsawa wajen digiri 13 kowace rana, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, shi ya sa fitowarsa ke jinkiri da kusan minti 50 kullum. Wata kuma za ta lura cewa a jinjirin wata ana ganin sauran jikinsa dishi-dishi. Hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma kansa. Nakan bar su su yi gardama a kai har kwana biyu kafin in sa baki.

Dare na bakwai ko na takwas ake fito da jumel, lokacin da wata ya rabu biyu. A dubi bakin iyakar haske da duhu, nan ne inuwa ke da tsawo, ramuka da duwatsu su fito ɓaro-ɓaro. Ko a cika goma sha huɗu ba a ganin su haka, don rana na dukansu ta gaba babu inuwa. Kowace ta duba minti biyu, ta zana, ta koma layi. Ranar Lahadi a rina kwali da shuni, in ya bushe a kwafe zanen da farar ƙasa.

Sai sun jera shuɗɗan kwalayensu a tabarma nake kawo Maria Clara Eimmart. An haife ta a Nuremberg a 1676. Mahaifinta mai zane ne kuma ya kafa wurin kallon taurari a kan ganuwar birnin, ita ce mataimakiyarsa. Tsakanin 1693 da 1698 ta zana kamannin wata wajen 350 tana duba ta madubin hangen nesa, a kan shuɗiyar takarda irin wadda ke gabansu. Babu kyamara a zamanin, hannun mai zane shi ne shaida. Ta yi aure a 1706, ta rasu wajen haihuwa a 1707 tana da shekara 31. Wasu daga cikin zanenta na nan a Bologna ta Italiya. In na kai wajen rasuwar, soron kan yi tsit, domin babu yarinyar da ba ta san wata da ta tafi ta wannan hanya ba.

Dararen farin wata

Daga 12 zuwa 16 ga wata kada ki wahalar da kanki neman taurari. Lokacin husufi ne a cikin ɗaki. Duk mun taso muna jin yara na buga gwangwani in wata ya yi zazzaɓi. Wang Zhenyi ta ƙasar Sin, wadda aka haifa a 1768, ta zauna a zamanin da ba a buɗe wa mata ƙofar jarrabawar malanta ba, ta karanta lissafi da ilimin taurari a littattafan kakanta. Don ta fahimci husufi sai ta ɗauki teburi mai zagaye a matsayin duniya, ta rataye fitila a matsayin rana, ta riƙe madubi a matsayin wata, ta yi ta matsar da su har ta ga yadda inuwa ke faɗawa. Shekara 29 kawai ta yi a duniya.

Namu ya fi sauƙi. A kashe wuta, a kunna fitila ɗaya a kan kujera, yarinya ta soke lemo a tsinke ta riƙe a gabanta. Kanta shi ne duniya. Ta juya a hankali ta hagu, za ta ga jinjiri, rabi, cika, duk a jikin lemon. In ta ba fitila baya inuwar kanta ta rufe lemon, husufi ke nan. Mai wayo za ta tambaya me ya hana a yi husufi kowane wata. Ki ce ta ɗaga lemon sama kaɗan. Hanyar wata a karkace take da kimanin digiri 5, yawanci ta saman inuwar ko ta ƙasanta yake wucewa.

A Lahadin wannan mako muke zagaya Birni da Zango mu kwafi zayyanar da ke fuskar tsofaffin gidaje, dagi da sauran ƙulle-ƙullen magina. A wurinmu aikin maza ne. A wurin Ndebele na Afirka ta Kudu kuwa mata ke yi wa bango ado, kuma Esther Mahlangu, wadda aka haifa a 1935, tun tana shekara 10 ta koya wurin uwarta da kakarta. Da gashin kaza take jan layi, ba ta sa rula. A 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota sukutum ta zane, ita ce mace ta farko da aka ba wannan aiki. Ki ba yara gashin kaza ki ce su ja layi mai tsawon kamu ɗaya ba tare da ɗaga hannu ba. Za ki sha mamaki. Yarinyar da ta iya zanen lalle hannunta ya riga ya zauna, ba a dai taɓa gaya mata cewa abin da take yi zane ne ba.

Waɗanda gidansu ba su hana zanen dabba ba, nakan ba su labarin Rosa Bonheur ta Faransa, wadda sai da ta karɓi takardar izini daga ƴan sanda kafin ta sa wando ta shiga kasuwar dawaki ta Paris. Wata 18 tana zuwa tana zane, hoton da ya fito daga ciki faɗinsa ya haura mita 5. Nakan ce su jira hawan salla, dawakin Sarkin Damagaram ba su gaza na Paris ba.

Dararen duhu

Daga 18 ga wata zuwa sama, wata ba ya fitowa sai mun tashi, sama ta zama tamu. A fara da abin da kowa ya sani. Kaza da ƴaƴanta, Surayya a bakin malamai, na tasowa daga gabas a Nuwamba. Kowace ta ƙirga a ɓoye ta rubuta. Yawanci shida ake gani, mai kaifin ido ta ga bakwai ko fiye, a jumel kuwa gommai ne. A juya arewa a nemi tauraron da ba ya gusawa. A Damagaram dunƙule ɗaya da kusan rabi yake daga ƙasa, domin garinmu na kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya.

Sannan launi. Yara sun ɗauka duk taurari farare ne. Ki nuna musu Dabaran da ke bin Kaza a baya, ja-ja ne. Capella a arewa maso gabas rawaya-rawaya. Vega a arewa maso yamma fari mai ratsin shuɗi. In kun kai Disamba, Jauza zai taso da taurarinsa uku a jere, Betelgeuse ja a gefe ɗaya, Rigel mai shuɗi a ɗaya gefen. Su jera su daga ja zuwa shuɗi, su yi wa kowanne ɗigon fenti. Ki tambaye su wanne ya fi zafi, duk za su ce jan. Ki tuna musu garwashi da harshen wutar gas: shuɗin ne ya fi zafi.

Annie Jump Cannon uwarta ce ta fara nuna mata taurari daga rufin gidansu. Zazzaɓi ya tafi da kusan duk jinta, amma a Harvard ta rarraba taurari wajen 350,000 ta hanyar duba haskensu da aka warwatsa a faranti, ta jera su O, B, A, F, G, K, M daga mafi zafi zuwa mafi sanyi. An karɓi tsarin a duniya a 1922, da shi ake aiki har yau. Rigel B ne, Vega A, ranarmu da Capella G, Dabaran K, Betelgeuse M, ka ga yara sun riga sun jera su daidai da fentinsu. Kan wannan aiki Cecilia Payne ta hau a 1925 ta nuna cewa taurari yawancinsu haidurojin ne da hiliyom. Wani babban masani, Henry Norris Russell, ya sa ta sassauta maganar, bayan shekara huɗu shi ma ya iso inda ta tsaya.

Aikin da na fi so shi ne shara, kuma na Caroline Herschel ne. An haife ta a Hanover a 1750. Ciwo ya kama ta tana shekara 10 ya tsayar da girmanta, uwarta ta yanke cewa aikin gida ne rabonta, ta hana a zurfafa mata karatu. Wanta William ne ya ɗauke ta zuwa Ingila a 1772. Ta yi masa girki, ta taya shi goge madubai, ta zauna cikin sanyi tana rubuta abin da yake faɗa daga kan na'ura. Wani dare a ƙarshen 1783 ta zame a ƙanƙara, ƙugiyar ƙarfe ta shige mata ƙafa. A 1782 ya ba ta ƙaramin madubi nata na kanta, ta riƙa bin sama layi-layi tana rubutawa. Sai ranar 1 ga Agusta 1786 ta sami tauraruwa mai wutsiya ta farko, shekara huɗu tana nema. Ta gano takwas gaba ɗaya. A 1787 Sarkin Ingila ya yanka mata albashin fam 50 a shekara, a 1828 ƙungiyar masana taurari ta Landan ta ba ta lambar zinariya, ta rasu tana da shekara 97.

Yadda ake sharar: yarinya ta kwanta rigingine, ta ɗauki jumel daga alama ɗaya ta ja a hankali zuwa wata, ta ɗan ɗaga sama ta dawo, kamar mai sharar tsakar gida ba ta tsallake wuri. Ƙawarta na zaune da jar tocila tana rubuta abin da ta faɗa, bayan minti biyar su yi musaya. Duk abin da ba ɗigo ba ne, mai kama da hayaƙi ko auduga, a zana shi. In ba a ga komai ba a rubuta "ban ga komai ba" da kwanan wata. Wannan na yi wa yara wuya ƙwarai, sun saba a makaranta cewa amsar da babu komai cikinta sifili ce, har wasu kan ƙirƙiro abin da ba su gani ba. Ki yaba wa mai shafin "ban ga komai ba" a gaban kowa.

Na saba in ba su yankin da ke sama da kai ta wajen arewa, ba na faɗin dalili. Can wata za ta yi ihu ta ga ɗan hayaƙi mai tsawo. Andromeda ce, tarin taurari irin namu, haskenta ya yi shekara wajen miliyan biyu da rabi a hanya. Abdurrahman Sufi ya ambace ta a 964 ya kira ta ɗan gajimare. Vera Rubin, masaniyar taurari ƴar Amurka, ta auna juyawarta, ta ga taurarin gefe na gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙewa, alamar akwai wani abu mai yawa da ba ya haske. Jami'ar Princeton ba ta karɓar mata a wannan fanni lokacin da ta nema. Da ta je babban madubin hangen nesa na dutsen Palomar a 1965 babu makewayin mata a wurin, sai ta yanka takarda siffar siket ta manna a ƙofa. Wannan kam sai an jira dariya ta lafa.

Ranar rufewa

In an ga sabon jinjiri muke gayyatar iyaye mata da la'asar. A ɗaura igiyar shanya a tsakar gida a rataye kwalaye, kowace yarinya ta tsaya kusa da nata ta yi bayani da bakinta. Ki dafa shayi, ki yi shiru.

Mata biyu nake ajiye wa wannan rana, don iyayen nake faɗa. Baya ƴar Aljeriya marainiya ce, an nuna zanenta a Paris a 1947 tana da shekara 16. Ta yi aure a 1953, ta ajiye buroshi wajen shekara 10 tana renon ƴaƴa, sannan ta koma ta ci gaba har rasuwarta a 1998. Alma Thomas kuwa baƙar fata ce a Amurka, malamar makaranta kamata, shekara 35 tana koyar da zane a makaranta ɗaya a Washington. Sai da ta yi ritaya a 1960 ta zauna wa nata aikin, tana jera ɗigo-ɗigon launi a zagaye, wasu daga kallon tafiyar ƴan sama jannati zuwa wata. A 1972 gidan zane na Whitney a New York ya ware mata baje koli ita kaɗai, baƙar mace ta farko da aka yi wa haka a can, tana da shekara 80. Nakan shimfiɗa babban kwali da da'ira a tsakiya, kowace uwa ta tsoma yatsa a fenti ta sa nata ɗigon. Bara surukata ta ce ita ba yarinya ba ce, daga baya na same ta ta cika layi biyu da jar ƙasa tana gyara wa wata inda ta karkace. "Inna, a sa suna," in ji jikarta. Ta karɓi tsinke ta rubuta da ajami.

Kayen kowa ki mayar mata, kada ki riƙe ko ɗaya don ajiya. Kwalayen da za su zauna wurinki ki sa su a leda ki rataye, gara ta cinye mini na shekarar farko a bayan akwati. Sauran ruwan ƙaro a zubar, ba ya kwana bakwai bai yi tsami ba. Jumel kuwa yawo yake, mako guda a kowane gida, da ɗan littafi a cikin jakarsa inda mai karɓa ke sa hannu. Yanzu haka yana Mirya wurin ɗaya daga cikin ƴan karon farko, wadda aka kai ɗakinta bara. Ta aiko mini da hoton shafinta ta WhatsApp, ɗigo babba da ƙanana uku a jere, tana tambaya ina na huɗun ya shiga. Na ce mata watannin Mushtari ne, wato duniyar Jupiter, ɗaya ya ɓuya a gabansa ko a bayansa, ta sake dubawa gobe ta rubuta ƙarfe nawa.